Wa ya cinye cajin wayar Kawu? Tarihin ma'aunin lokacin furosesa

1/ Jama'a, yau maganar da tsawo, ku gyara zama. Tarihin kayan aikin da masu rubuta manhaja ke amfani da su ne don gano inda kwamfuta ko waya ke kashe lokacinta. Amma daga Sabon Birni zan faro, don can na sha kunyar da ta sa na bi diddigin wannan tarihi. 🧵

2/ A Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga. Sabon Birni da Isa na ciki. Wanda ya zauna can lokacin ya sani: ga waya a hannu, sabis babu. Mai uzuri sai ya matsa bakin iyaka ko ya dace da layin Nijar.

3/ Kafin nan na rubuta wa wani kawuna mai sayar da hatsi 'yar ƙaramar manhaja. Littafin bashi ne kawai: wane ya ɗauki buhu biyu na gero, wane ya biya rabi, ga hoton takarda. Tana wayarsa da ta yaransa biyu, ɗaya a Sabon Birni, ɗaya mai bin ƙauyukan wajen Isa. In an samu intanet sai ta haɗa lissafinsu wuri ɗaya.

4/ Ba a daɗe da katse layi ba wani direba ya kawo mini saƙo Sakkwato. Kawu ya ce a gaya mini: "Wanga abu naka shina cin caji kamar gara. Kahin azahar waya ta mutu, kuma ta yi zahi kamar an aza ta bisa murhu."

5/ Kada ku raina maganar caji. Wutar NEPA ba abin dogaro ba ce a can. Wurin mai caji ake kai waya a biya, shi kuma janareta yake tayarwa, ga fetur ya yi wuya don an hana sayar da shi a jarka. Waya ta mutu, littafin bashi ya rufe ke nan. Mutum ya zo biya, ba a san nawa ake binsa ba.

6/ Ni kuwa ko tunani ban tsaya yi ba. Na ce hotunan takardu ne, su ne masu nauyi. Kwana goma ina rage girman hotuna, na ba direba sabuwar manhaja a memori ya kai. Amsa ta dawo: jiya i yau. Ashe kuskuren nan nawa an riga an rubuta shi shekara 50 kafin in tafka shi.

7/ A 1970 Donald Knuth na Jami'ar Stanford a Amurka ya tara ɗalibai da wasu masana, suka ce bari su ga me mutane ke rubutawa a zahiri da yaren kwamfuta na Fortran. Suka tattaro ɗaruruwan manhajoji daga kamfanin jirage na Lockheed da cibiyar kwamfutar jami'a. Wasu har daga kwandon shara suka tsinto su.

8/ Suka auna su ta hanya biyu, kuma har yau hanyoyin nan biyu ne tushen sana'ar. Ta farko ƙirge. A sa ɗan ƙirga a kan kowane layi na manhaja, duk sa'ad da furosesa ta bi ta kansa ya ƙara ɗaya. Kamar ɗan kamasho a bakin tasha, ba motar da za ta fita bai rubuta ta ba.

9/ Ta biyu leƙe. Ba ka ƙirga komai. Kana dai leƙowa lokaci zuwa lokaci ka ga wane layi ake kai. Kamar mai gona ranar gayya: in ya leƙo sau ɗari, sau sittin ya tarar da mutane a gefen fadama, ya san can aikin ya maƙale, ko bai tsaya a kansu ba.

10/ Kowace da aibinta. Ƙirge daidai yake, amma ɗan ƙirgan kansa yana cin lokaci, har yakan canza abin da ake aunawa. Leƙe ba ya da nauyi, amma kintace ne na lissafi: abin da ke faruwa jefi-jefi yakan wuce ba a gan shi ba.

11/ A 1971 Knuth ya buga sakamakon. Abin da ya fi jan hankali: yawanci ƙasa da kashi 4 cikin 100 na layukan manhaja ne ke cinye fiye da rabin lokacin aikinta. Jadawalin nan na ƙirge shi ya kira furofayil, daga nan sunan kayan aikin ya fito, furofaila. Ni ma'auni nake ce masa.

12/ Ku lissafa. Manhaja mai layi 1,000, layi 40 ko ƙasa da haka su ne ke riƙe da rabin lokaci. In ka zauna gyara da ka, ba awo, ai ka fi kusa da faɗawa cikin sauran 960. Nan na kwana goma da hotunana.

13/ A 1974 ya sake komawa kan maganar a wata maƙala. Mutane sun haddace rabin da ya ce gaggawar gyaran sauri tun ba a buƙata ita ce tushen ɓarna. Sun manta sauran: akwai kashi 3 da lallai a kula da su, amma sai an gano su tukuna, don duk masu amfani da ma'auni sun shaida hasashen mai rubuta manhaja yakan ci tura.

14/ Akwai kuma lissafin Gene Amdahl na 1967, wanda ya kamata a liƙa a bangon duk ɗakin koyon kwamfuta. Gyaran da ka yi wa sashe ɗaya ba zai wuce kason da sashen ke ci ba. In hotuna kashi 5 suke ci, ko ka share su gaba ɗaya kashi 5 ka rage. Sauran 95 na nan daram.

15/ A farkon shekarun 1970 tsarin Unix na Bell Labs ya zo da ɗan ma'auninsa mai suna prof. Agogon na'urar PDP-11 na bugawa sau 60 a daƙiƙa, duk bugu sai a duba inda furosesa take a rubuta. Leƙe ke nan tsantsa. A ƙarshe ya ba ka jeri: sashe kaza ya ci kashi kaza.

16/ Matsalarsa, yana faɗin wanda ya ci, ba ya faɗin wanda ya aike shi. A ce sashen kwafe rubutu ya ci rabin lokaci. To wa ke kiransa? Wurare hamsin. Kamar a ce maka ɗan aike ya ƙarar da man babur, ba a gaya maka wa ke ta aikensa kasuwa sau goma a wuni ba.

17/ Wannan giɓi Susan Graham da Peter Kessler da Kirk McKusick na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley suka cike a 1982 da gprof. Sun haɗa hanyoyin biyu: leƙe don lokaci, ƙirge don sanin wa ya kira wa, sau nawa. Sai a ɗora kuɗin ɗan aike a wuyan mai aike.

18/ Shi ma da ƙaryarsa. Yana ɗauka duk aike kuɗinsa ɗaya. In ɗaya ya aiki yaro bakin ƙofa sau tara, ɗaya ya aike shi Gatawa sau ɗaya, gprof zai ɗora wa na farko kashi tara cikin goma na man. Duk da haka ya yi shekaru shi ne sarki. A 1988 aka rubuta na GNU, wanda har yanzu yana nan.

19/ Bari in ja baya kaɗan, don akwai ɓarawon da duk waɗannan ba za su gani ba. Ranar 20 ga Yulin 1969, Neil Armstrong da Buzz Aldrin na sauka kan wata a Apollo 11, sai kwamfutar kumbon ta fara ƙara tana nuna lamba 1202, daga baya 1201. Sau biyar cikin 'yan mintuna.

20/ Ma'anar lambobin: ayyuka sun yi mini yawa, ba wurin ajiye sabo. Alhali an auna manhajar sauka tun a ƙasa, an san da ragowar lokaci. Ina ragowar ta tafi?

21/ Wata na'urar rada ce, wadda aikinta gano uwar kumbon da ke kewayawa a sama, ba ta da amfani wurin sauka. Saboda wani saɓani a wutar da ke ciyar da ita, sai ta riƙa aiko wa kwamfuta dubban saƙonnin banza a kowace daƙiƙa. Kowane saƙo ya ɗan tsinci lokaci. Jimilla wajen kashi 13 cikin 100.

22/ Kuma satar ba a cikin manhaja take ba, a cikin ƙarfen na'urar take. Duba jerin ayyuka duk ba za ka ga sunanta ba. Abin da ya cece su shi ne tsarin da injiniyoyin MIT suka gina: in abu ya cushe, kwamfuta ta zubar da komai, ta sake ɗauko masu muhimmanci kawai.

23/ A Houston wani matashi ɗan shekara 24, Jack Garman, yana da takardar da ya rubuta ma'anar lambobin da hannu. Shi ya gaya wa Steve Bales a ci gaba. Suka sauka. Kafin su taso daga wata an gano radar ce. Ku riƙe wannan: na'urar da ke ta neman abin da ba a buƙata. Za mu sake haɗuwa da ita a wayar Kawu.

24/ Ganin cikin ƙarfe ya zo daga baya. Furosesar Pentium ta Intel ta 1993 tana ɗauke da 'yan ƙirga a jikinta, masu lissafa abubuwa irin sau nawa aka nemi bayani a ma'ajiyar kusa ba a samu ba. Kamfanin bai bayyana su ga kowa ba. Wani ɗan Norwe, Terje Mathisen, ya tono su ya buga a mujallar Byte a 1994.

25/ Daga nan abubuwa suka yi sauri, ba zan tsaya kan kowane ba. Intel ta fito da VTune. Kamfanin Sun ya saki DTrace cikin Solaris 10 a 2005, aikin Bryan Cantrill da Mike Shapiro da Adam Leventhal, wanda ke auna na'ura tana tsakiyar aiki ba sai an kashe ta ba. A 2009 perf ya shiga Linux.

26/ Wannan na ƙarshe ya shafe mu kai tsaye, don Android a kan Linux take zaune. Tecno ko itel ɗin da ke aljihunka jikar waɗancan na'urori ce, kuma ana iya leƙa cikinta kamar yadda ake leƙa manyan kwamfutocin kamfanoni.

27/ Sai kuma bayani ya yi yawa har ya zama ciwo. A 2011 Brendan Gregg, injiniya a kamfanin Joyent, yana binciken wata matsala ta rumbun bayanai na MySQL. Ma'auni ya zubo masa sama da layi rabin miliyan. Wa zai karanta? Sai ya mai da su hoto ɗaya.

28/ Shi ne hoton harshen wuta. Kowane akwati sashe ne na manhaja. Na ƙasa shi ya kira na samansa. Faɗin akwati kuwa shi ne yawan leƙen da aka same shi a ciki. Ba ruwanka da tsawo, ba ruwanka da launi. Ka nemi mai faɗi a sama, kamar tudu mai shimfiɗaɗɗen kai. Nan wutar ke ci.

29/ Wata dabara da nake so: masu wannan aiki sukan leƙa sau 99 a daƙiƙa, ba 100 ba. Don ayyuka da yawa na kwamfuta a kan agogo suke tafiya, in leƙenka ya yi daidai da su za ka riƙa ganin abu ɗaya. Mai gonar da kullum ƙarfe biyu yake zuwa zai rantse 'yan gayya ba abin da suke sai salla.

30/ Labari biyu na kusa kafin in koma gida. Wasan GTA Online ya shekara bakwai mutane na kukan jinkirin buɗewa. A Fabrairun 2021 wani mai kiran kansa t0st, ba ma'aikacin kamfanin ba, ba shi ma da asalin rubutun manhajar, ya sa mata ma'aunin leƙe.

31/ Ya tarar wasan na karanta wani jerin kaya kusan 63,000, kuma duk lambar da zai karanta sai ya sake auna tsawon ragowar takardar har ƙarshe. Ya gyara wannan da wani wuri ɗaya, minti shida ya koma ƙasa da biyu. Kamfanin Rockstar ya amsa, ya ba shi dala 10,000.

32/ Na biyun ya fi tsoratarwa. A Maris 2024 Andres Freund, injiniyan Microsoft mai aiki kan PostgreSQL, ya lura ƙofar shiga kwamfutarsa daga nesa na cin furosesa fiye da kima, ga jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Wani zai ce to sai me? Shi ya ɗauko perf.

33/ Lokacin ya nuna yana tafiya cikin xz, wata manhajar matse bayanai da kusan duk Linux ke ɗauke da ita. Ashe wani mai suna Jia Tan a intanet ya shafe sama da shekara biyu yana taimakawa har aka yarda da shi, sannan ya dasa ƙofar baya. Ranar 29 ga Maris Freund ya fallasa, kafin ta yaɗu cikin manyan tsare-tsaren da kowa ke amfani da su.

34/ To, mu koma Oktoban 2021. Bayan kunyar hotuna na haɗa waya da kwamfuta, na buɗe ma'aunin da ke cikin Android Studio. Na yi rubutu, na ɗauki hoto, na jira. Lafiya lau. Furosesa na barcinta. Har na fara zargin batirin Kawu ne ya tsufa.

35/ Sai da na kwana na farka abin ya faɗo mini. Ni ina cikin garin Sakkwato, inda ba a katse layi ba. Wayar da nake aunawa tana da sabis. Ta Kawu ba ta da shi. Ashe ba rayuwarsa nake aunawa ba, tawa nake aunawa. Na kashe data da wayafai, na sake kunna ma'auni.

36/ Wallahi ko minti ɗaya ba a yi ba tudun ya bayyana, ya kusa cika hoton daga gefe zuwa gefe. Sashen tura lissafi ne. Na rubuta shi haka: in turawa ta gaza, sake gwadawa. Ban ce ya jira ba. Ko daƙiƙa ɗaya.

37/ Kuma duk gwaji sai ya ɗauko littafin bashin gaba ɗaya, ya sake shirya shi, ya ɗaure, ya je bakin ƙofa, ya ga ba hanya, ya zubar, ya sake. Dare da rana, ko an kulle waya, don ni da kaina na sa ya hana ta barci sai ya gama. Ga radar Apollo, ga ciwon GTA, duka biyu cikin layukan da ba su kai ashirin ba.

38/ Me ya sa bai nuna ba a baya? Don sabis ɗin can, ko da rauni, yakan dawo bayan 'yan mintuna, turawa ta wuce, abin ya lafa. Ban taɓa kawo wa raina za a yi makonni ba layi ba. Hotunan da na kwana goma a kansu, da ƙyar na ga akwatinsu a hoton.

39/ Gyaran awa ɗaya ne. Manhaja ta fara tambayar waya ko akwai layi. In ta gwada ta gaza, ta jira minti ɗaya, sai biyu, sai huɗu, har zuwa awa. Ta kuma tura sabon rubutu kawai. Ninka jiran nan ma tsohuwar dabara ce, tana cikin tsarin Ethernet da Metcalfe da Boggs suka bayyana a 1976.

40/ Ga inda nake da ƙorafi a kan yadda muke koyon abin nan. Kayan awon kyauta ne, suna cikin kwamfutar kowane ɗalibi. Amma duk misalan da muke gani na manyan na'urori ne masu wuta da intanet ba yankewa. Mu kuma sai mu gwada manhaja a waya mai tsada, a ofis mai wayafai, mu ce ta yi.

41/ Kuma ma'aunin furosesa aiki kawai yake gani, ba ya ganin jira. Manhajar da ta tsaya minti guda tana sauraron amsa a layi mai sanda ɗaya, a wurinsa ba ta ci komai ba, alhali mai POS na tsaye da layin mutane a gabansa, ga eriyar waya na shan batir. Wannan awonsa daban ne, kuma a yankinmu shi ya fi yawa.

42/ Tun daga nan ina da wata tsohuwar itel mai fasasshen gilashi a aljihun jaka. Duk abin da na rubuta a kanta nake fara aunawa: sau ɗaya da layi, sau ɗaya ba layi, sau ɗaya kuma batir na ƙasa da kashi 15, don a nan wayoyi da yawa ke rage wa furosesa gudu.

43/ Gyararriyar manhajar a memori ta tafi, cikin ambulan, hannun direban nan dai. A Sabon Birni aka sa wa waya ɗaya, aka tura wa sauran ta Xender. Na wajen Isa sai da ya shigo gari bayan mako guda ya samu tasa.

44/ Da layi ya dawo Kawu ya kira. Na gaishe shi, na ce Kawu yaya waya? Ya ce, "Tana kai har isha'i yanzu. Mi anka yi mata?" Na fara bayanin furosesa. Ya katse ni: "Kai yaro, bari wannan. Kuɗin cajin da munka kashe wata guda, na rubuta shi ga sunanka." Na buɗe manhajar na duba. Yana nan, ƙarƙashin wani mai buhu uku na dawa.